Tauraro Ko Ma'aikacin Agaji: Wa Muke Yabo, Kuma Don Me?

Tsohon Malami:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, kuma ina so mu tattauna ta cikin natsuwa. A ranar 31 ga Agusta 1997 Gimbiya Diana ta rasu a haɗarin mota a birnin Paris, bayan kwana biyar kuma, wato ranar 5 ga Satumba, Mother Teresa ta rasu a Kalkata ta ƙasar Indiya. Ina cikin waɗanda suka bi labaran wannan makon ta rediyo da talabijin, kuma ban manta yadda rasuwa ta biyu ta koma kamar ɗan ƙarin bayani a gindin ta farko ba, alhali matar ta shafe kusan shekara 50 tana kwasar marasa lafiya daga bakin titi, har aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 1979. A lokacin babu Facebook, babu TikTok, saboda haka ba za mu ɗora wa wayar hannu laifin duka ba. Abin da ya ƙaru a yau shi ne yawa da sauri. Ɗan ƙwallo guda, Cristiano Ronaldo, yana da mabiya fiye da miliyan 600 a Instagram, kuma akwai matasan da suka san ranar haihuwarsa da sunayen 'ya'yansa, amma idan ka nemi su faɗi sunan likita ɗaya da ya mutu yana jinyar masu cutar Ebola, sai wuri ya yi tsit. Tambayata ita ce, kafafen yaɗa labarai ne suka karkatar da mu, ko kuwa abin da muke so suke ba mu?

Ɗan Jarida:
Wa alaikumus salam, Malam. Tunda an taɓo sana'armu, bari in fara, kuma ba zan wanke kanmu ba. Gidan jarida yana rayuwa ne da kuɗin talla, mai talla kuwa idon jama'a yake saye, ba ingancin labari ba. A da edita yana hasashen abin da mutane ke so, amma yanzu kwamfuta tana nuna masa a take mutum nawa ne suka buɗe kowane labari da kuma minti nawa suka yi a kansa, kuma a duk inda na yi aiki labarin mutuwar auren mawaƙiya ya fi rahoton allurar rigakafi jan masu karatu nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun tsada, wanda masu zargin mu ba su cika lura da shi ba. Labarin tauraro yana zuwa mana a shirye, domin yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan su aiko da hoto da bayani kyauta. Labarin sansanin 'yan gudun hijira kuwa sai an tura wakili, an biya kuɗin tafiya da na inshora, an nemi izinin hukuma ko na masu riƙe da makamai, kuma wakilin yana iya tafiya bai dawo ba. Ku tuna watan Yuni na 2023. Wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya ɓace da mutum 5 a cikinsa, mafi yawansu attajirai, sai manyan tashoshin duniya suka shafe kwanaki suna ƙidayar sa'o'in iskar da ta rage musu. 'Yan kwanaki kafin nan, ranar 14 ga watan, wani jirgin ruwa maƙare da 'yan ci-rani ya nutse kusa da gaɓar Girka, aka ceto mutum 104, ɗaruruwa suka halaka, amma labarin bai samu kwatankwacin wannan kulawa ba. Na farkon yana da fuska da suna da jiran sakamako, na biyun kuwa adadi ne kawai.

Malamar Jinya:
Na gode da ka faɗi gaskiya, ɗan'uwa, amma ina ganin matsalar ta wuce kuɗin talla. Aikinmu yana da wata ɗabi'a mai ban takaici, wato idan ya yi nasara babu abin da za a gani. Ɗan wasa yana cin ƙwallo a gaban dubban mutane, a maimaita hoton sau ɗari, amma annobar da aka hana ɓarkewa ba ta da hoto, yaron da bai shanye ba saboda an yi masa ɗigon rigakafi ba ya sanin wanda zai gode wa.

Misalin da ba na mantawa shi ne na Dakta Ameyo Stella Adadevoh. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola, ita ce ta gane alamun, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar, bayan mutuwar mutum 8 kacal. Ku yi tunanin abin da zai faru da a ce mutumin nan ya fita ya shiga cikin birni mai miliyoyin jama'a. A Saliyo kuma Dakta Sheik Umar Khan, wanda ya jagoranci jinyar masu cutar a Kenema, shi ma ya rasu a watan Yuli na shekarar. Miliyoyin mutane suna raye cikin lafiya ba su san cewa akwai bashin waɗannan mutane a kansu ba. Wannan shi ne ainihin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai Son Ƙwallo:
Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa, ni ƙarami ne a cikinku amma ban yarda da yadda aka raba mutanen gida biyu ba, kamar a ce kowane tauraro fanko ne. Malam ya fara da Gimbiya Diana, to ita ce a 1987 ta miƙa hannu ba safar hannu ta gaisa da mai cutar ƙanjamau a wani asibiti a Landan, a lokacin da mutane da yawa ke zaton taɓa mai cutar yana yaɗa ta. Ita ce kuma a watan Janairu na 1997 ta je Angola ta taka filin da ake tono nakiyoyin da aka binne a ƙasa, kuma a watan Disamba na shekarar ƙasashe fiye da 120 suka sa hannu a yarjejeniyar Ottawa ta haramta irin waɗannan nakiyoyi. A 2020 Marcus Rashford ya matsa wa gwamnatin Birtaniya lamba har ta janye shawararta ta dakatar da tallafin abincin yaran talakawa a lokacin hutun makaranta. Sadio Mané ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu na Bambali a ƙasar Senegal. Idan da ba a san su ba, wa zai saurare su? Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta gane haka, shi ya sa tun 1954 hukumarta ta kula da yara, UNICEF, ta fara naɗa 'yan wasa a matsayin jakadunta.

Tsohon Malami:
Ɗana, ka yi magana mai ma'ana, kuma ban ce shahara zunubi ba ce. Sai dai ka duba misalin nakiyoyin da ka kawo. A shekarar 1997 lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya ta tafi ga ƙawancen ƙungiyoyin da suka yi fafutikar haramta nakiyoyi tare da jagorarsu Jody Williams, waɗanda suka fara aikin tun 1992. Mutum nawa ne a wannan zauren suka taɓa jin sunanta? Sannan filin da Gimbiya ta taka, wasu ne suka riga ta shiga a durƙushe suna tonon ƙasa a hankali, kowane kuskure ɗaya yana iya raba su da ƙafa. Ita ta yi tafiyar 'yan mintuna, hotonta ya zagaye duniya, kuma na yarda hoton ya yi amfani. Damuwata ita ce a ƙwaƙwalwar jama'a aikin ya zama nata.

Ɗan Jarida:
Zan ƙara wa Malam misali daga ɓangarenmu. Kowa ya san babban taron waƙe-waƙen da aka yi ranar 13 ga Yuli 1985 a Landan da Philadelphia domin tara kuɗin agajin yunwar Habasha, kuma sunan mawaƙin da ya shirya shi, Bob Geldof, ya shiga tarihi. Amma abin da ya tayar da hankalin duniya tun farko shi ne rahoton da BBC ta watsa a watan Oktoba na 1984 daga garin Korem, kuma wanda ya ɗauki hotunan ɗan ƙasar Kenya ne, Mohamed Amin. Shi ma ɗin an fi saninsa a kan ma'aikatan jinya da direbobi 'yan Habasha da suka yi watanni suna raba abinci suna binne gawawwaki. Akwai matakala a nan, kowa yana tsaye a kafaɗar wanda ba a gani.

Ɗalibar Jami'a:
Ina so in koma ga asalin tambayar Baba, wato ko laifin namu ne. A karatunmu na halayyar ɗan'adam mun ga cewa tun 1956 wasu masana biyu 'yan Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi bayanin wata irin alaƙa mai fuska ɗaya da ke ƙulluwa tsakanin mai kallo da wanda yake gani a talabijin. Kana ganin fuskar mutum kullum, kana jin muryarsa a cikin ɗakinka, sai zuciyarka ta ɗauke shi a matsayin na gida, alhali shi bai san kana duniya ba. Son maso wani ke nan, ƙoshin wahala. Kafafen sada zumunta sun ƙara wa abin ƙarfi, domin yanzu tauraro yana nuna maka ɗakin kwanansa da jaririnsa, kuma manhajar tana lura da abin da ya tsayar da yatsanka ta ƙaro maka irinsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda irin wannan so yake rufe ido, musamman idan an haɗa shi da sunan taimako. A Birtaniya an yi wani mai gabatar da shirye-shiryen talabijin, Jimmy Savile, wanda ya tara wa asibitoci kuɗi masu yawa har aka ba shi sarauta, sai bayan mutuwarsa a 2011 bincike ya nuna cewa ya shafe shekaru yana cin zarafin ɗaruruwan mutane, ciki har da yara da majinyata. Shahararsa da sunan da ya yi wajen taimako su ne suka zame masa garkuwa. Haka nan Lance Armstrong, gwanin tseren keke da ya kafa gidauniyar taimakon masu cutar kansa, ya yi shekaru yana musanta amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, masoyansa suna far wa duk wanda ya tuhume shi, har sai da ya amsa laifinsa a 2013.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina da tambaya ɗaya. Shin mai aikin jin ƙai na gaskiya yana bukatar wannan yabon da muke nema masa? An koya mana cewa daga cikin waɗanda za su samu inuwa ranar da babu inuwa akwai wanda ya yi sadaka ya ɓoye, har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba, kuma mun san yadda riya ke cinye lada. Ku dubi Abdul Sattar Edhi na ƙasar Pakistan, wanda ya fara da ɗan ƙaramin ɗakin shan magani a Karachi, ya wanke gawawwakin da ba su da mai su da hannunsa, shi da matarsa Bilkis suka ajiye gadajen jarirai a ƙofar cibiyoyinsu domin kada a jefar da yaran da ba a so, har gidauniyarsa ta mallaki ɗaya daga cikin manyan rundunonin motocin ɗaukar marasa lafiya na sa kai a duniya. Ya rasu a 2016 yana zaune a ɗaki ɗaya da 'yan tufafinsa kaɗan. Mutumin nan bai rasa komai ba don jaridun Turai ba su sa shi a shafin farko kowane mako ba. Ina tsoron kada mu ja irin waɗannan bayin Allah cikin kasuwar da ta lalata wasu.

Malamar Jinya:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce ta fuskar niyyar mai aikin, amma ki ba ni dama in saɓa miki ta fuskar aikin kansa. Ba tafi muke nema ba. Inda idon duniya ya karkata, can kuɗin agaji ke tafiya, kuma can ne gwamnatoci ke jin kunyar yin shiru. Rikicin da ba a labarinsa, asibitinsa ba ya samun magani. Bayan haka, sanin jama'a kariya ne ga rayukanmu. Ranar 19 ga Agusta da ake kira ranar ma'aikatan jin ƙai ta duniya ta samo asali ne daga harin bam da aka kai ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza a 2003, inda mutum 22 suka mutu. A watan Oktoba na 2015 jirgin yaƙin Amurka ya yi ruwan wuta a asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz ta Afganistan, mutum 42 suka halaka. A 2018 an sace ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar Red Cross a garin Rann na jihar Borno, aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Idan mai kashe ma'aikacin agaji ya san cewa gobe duniya za ta manta ta koma kan bikin auren wani mawaƙi, me zai hana shi maimaitawa?

Zan ba ku wani abu da na gani da idona, ba tare da kama suna ba. Wata shahararriya ta taɓa ziyartar sansanin da nake aiki, da ayarin masu ɗaukar hoto. Aka dakatar da layin masu jiran ganin likita na kusan sa'a biyu, aka zaɓo yaron da ya fi kowa rama aka ɗora mata a cinya, kuma babu wanda ya tambayi uwar yaron ko ta amince a watsa hoton ɗanta. Na yi fushi ƙwarai a ranar. Amma dole in faɗi ɗaya gefen, domin bayan ziyarar kayan aiki sun zo mana waɗanda muka yi watanni muna roƙo. Har yau ban gama yanke hukunci a kan wannan rana ba.

Hajiya Babba:
'Yata, na karɓi gyaranki. Ai Alƙur'ani da kansa ya yaba bayyana sadaka, sannan ya ce ɓoyewa ta fi alheri, saboda haka kowanne yana da muhallinsa. Sai dai abin da aka yi wa uwar yaron nan ba daidai ba ne, ko da kuwa an kawo kaya cike da mota goma, domin talauci ba ya cire wa mutum mutuncinsa.

Ɗan Jarida:
Akwai tarkon da nake ganin muna dab da faɗawa, wato mu cire tauraro daga kan karaga mu ɗora ma'aikacin agaji, mu ci gaba da irin bautar da muke kuka da ita. Mother Teresa da Malam ya fara da ita, ita ma kafafen yaɗa labarai ne suka mayar da ita tauraruwa, kuma wannan ya sa aka daɗe ba a son jin suka a kanta, duk da cewa a 1994 editan mujallar likitoci ta Lancet ya ziyarci gidan jinyarta na Kalkata ya rubuta cewa akwai gazawa wajen gano cuta da ba da maganin rage zafi. A 2018 kuma aka bankaɗo cewa wasu ma'aikatan ƙungiyar Oxfam sun yi lalata da mata a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, a daidai lokacin da aka tura su taimako. Wanda aka mayar waliyyi ba a bincikar littafin kuɗinsa. Sannan labarin gwarzo ɗaya yana shafe sauran, domin mafi yawan ma'aikatan agajin da ake kashewa a duniya 'yan ƙasar da ake aikin ne, ba baƙin da ake hira da su a talabijin ba. Dakta Denis Mukwege ya cancanci lambar Nobel da ya samu a 2018 saboda aikin da yake yi wa matan da aka yi wa fyaɗe a gabashin Kwango, amma asibitin Panzi da ya kafa a 1999 ba mutum ɗaya ke tafiyar da shi ba.

Tsohon Malami:
Wannan ya sa na sake duba tambayata, kuma na ga cewa na yi ta a karkace. Na zo ne ina neman a raba yabo da adalci, kamar dai yabo gado ne, amma abin da Malama ta nuna shi ne cewa amfanin sanin Dakta Adadevoh ba ya komawa gare ta, domin ta riga ta tafi, yana komawa ga likitan da gobe za a matsa wa ya sallami mai cuta, da kuma yaron da ke zaɓar wanda zai yi koyi da shi. Na yi shekaru a aji, kuma na san yaro ba ya burin zama abin da bai taɓa jin labarinsa ba. Henry Dunant da ya assasa Red Cross a 1863 bayan abin da ya gani a fagen yaƙin Solferino, ya yi shekaru cikin fatara an manta da shi a wani ƙaramin gari na Switzerland, sai da wani ɗan jarida ya gano shi ya rubuta labarinsa a 1895, sannan aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya ta farko a 1901. Don haka ɗan'uwanmu ɗan jarida, ba mu sallame ku ba.

Mai Son Ƙwallo:
Baba, ni dai ba zan daina kallon ƙwallo ba, kuma ba na jin wani a nan ya nemi in daina. Amma na amsa cewa kafin yau ban san sunan Dakta Khan ba, alhali na san 'yan wasan ajiya na ƙungiyoyin da ba ma nawa ba. Tambayata ga Anti ita ce, da a ce shahararriyar nan za ta sake zuwa sansaninku, kuma an ba ki ikon tsara ziyarar, za ki hana ta zuwa ne?

Malamar Jinya:
Ba zan hana ta ba, ƙanena, domin muna bukatar kayan. Zan dai sa ta jira har a gama ganin marasa lafiya, kuma babu hoton da za a ɗauka sai uwa ta amince bayan an yi mata bayani da harshenta. Idan lokacin hira da 'yan jarida ya yi, zan zaunar da direban motar asibitinmu kusa da ita, wanda ya yi shekara shida yana bin hanyar da ake dasa nakiya, in ce ta yi masa tambayoyi ita da kanta, mu ga ko gidan talabijin zai bar wannan ɓangaren ko zai yanke shi.

Ɗan Jarida:
Idan ta yi kuka a lokacin da yake magana, za a bar shi.